Gonar Dala Goma: Wasyl Eleniak da Ainihin Farashin "Ƙasar Kyauta" a Kanada

A ranar 3 ga Janairun 1947 aka taru a zauren Kotun Ƙoli da ke Ottawa domin bikin farko na miƙa takardun zama ɗan ƙasar Kanada, saboda kafin wannan shekara doka tana ɗaukar mutanen ƙasar a matsayin talakawan Sarkin Ingila ne kurum. Firaminista Mackenzie King shi ya karɓi takarda ta farko. Cikin mutanen da aka zaɓo daga sassan ƙasar don su tsaya tare da shi akwai wani dattijo manomi mai shekara 87, wanda aka gayyato daga ƙauyen Chipman na lardin Alberta, sunansa Wasyl Eleniak. Shekara 55 kafin wannan rana, a ranar 7 ga Satumban 1891, shi da wani ɗan ƙauyensu mai suna Ivan Pylypiw suka sauka daga jirgin ruwa a Kebek, kuma su biyun ne tarihi ya ajiye a matsayin manoman Yukren na farko da suka shigo Kanada da niyyar zama.

Yau mutum fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a Kanada suna cewa suna da jinin Yukren, kuma a gidaje da yawa labarin kakan da ya fara ƙetarowa kusan iri ɗaya ne: ya zo da akwati ɗaya, gwamnati ta ba shi gona kyauta, ya yi aiki tuƙuru, jikokinsa suka zama likitoci da lauyoyi. Labarin ba ƙarya ba ne. Amma idan aka bi rayuwar Eleniak daki-daki, za a ga cewa kalmar "kyauta" ta lulluɓe abubuwa da yawa, kuma wasu daga cikin waɗanda suka biya kuɗin wannan gona ba su taɓa cin amfaninta ba.

An haifi Eleniak a watan Disamban 1859 a Nebyliv, wani ƙauye da ke gindin duwatsun Kafatiya a yankin Galishiya (ƙauyen yana yammacin Yukren ta yau), wanda daular Ostiriya ta karɓe daga Folan tun 1772. A 1848 aka soke tsarin da ya ɗaure talaka ga gandun mai ƙasa, wato aikin tilas na wasu kwanaki a kowane mako ba tare da lada ba. Talakawa sun sami gonakin da suke nomawa, sai dai dazuzzuka da makiyaya, waɗanda a da kowa ke shiga ya yi itace ko ya kai saniyarsa, galibi sun zauna a hannun masu gandu, waɗanda yawancinsu manyan Folan ne. Ƙauyuka sun shafe shekaru suna shari'a a kan wannan, kuma a mafi yawan lokuta su aka kayar. Ga mutumin da ke zaune inda ƙanƙara ke rufe ƙasa wata huɗu ko biyar a shekara, itace shi ne rai: da shi zai gina ɗaki, da shi zai yi shinge, da shi zai hana 'ya'yansa daskarewa. To sai ya zama dole ya koma wa mai gandun da aka 'yantar da shi daga hannunsa, ya yi masa ƙwadago a kan kuɗi kaɗan, don ya sami izinin ɗibar itacen da kakansa ke ɗiba ba tare da tambaya ba.

A gefe guda kuma rabon gado yana ta yanyanka gonaki. Uba mai hekta biyar ya mutu ya bar 'ya'ya huɗu, kowa ya sami ɗan tsiri, sannan su ma su raba wa nasu. Ƙarshen ƙarni na 19 ya tarar da yawancin magidantan Galishiya da gonar da ba ta ciyar da gida har shekara ta zagayo, ga haraji, ga bashin ruwa. Dubban mutane suna tafiya cin rani gonakin Jamus su dawo da ɗan abin da zai kai su girbi. Eleniak kansa aikin katako ya riƙa yi, yana kora gumagumai a kan kogin Limnytsia, aiki mai hatsari wanda ba ya tara wa mutum komai.

Labarin Kanada ya iso Nebyliv ta hannun Jamusawan da ke zaune a Galishiya, waɗanda 'yan'uwansu suka riga suka tafi suna aiko da wasiƙu. Pylypiw, wanda ya yi makaranta, shi ya bi diddigin maganar. Da suka isa yammacin Kanada suka ga abin da idonsu, sai suka rabu: Eleniak ya tsaya yana ƙwadago a gonakin Menonawa, wata ɗariƙar Kirista masu jin Jamusanci, a Gretna ta lardin Manitoba, Pylypiw kuwa ya koma gida a farkon 1892 don ya ɗauko iyali. Da ya fara gaya wa mutane cewa akwai ƙasar da ake ba mutum eka 160 a kan dala goma, kuma babu mai gandu a can, sai jama'a suka riƙa cika gidansa daga ƙauyukan kewaye. Hukuma ta kama shi da laifin zuga mutane su bar ƙasa, aka gurfanar da shi, aka ɗaure shi. Dalilin a fili yake, domin kowane magidanci da ya tafi, mai gandu ya rasa lebura mai araha, sarki kuma ya rasa soja. Shari'ar ma ta ƙara yaɗa labarin ne, har wasu iyalai daga Nebyliv suka kama hanya tun yana tsare, shi kuma ya bi bayansu da iyalinsa a 1893.

Abin da ya fi jan hankalina a rayuwar Eleniak shi ne jinkirinsa. Ya shiga Kanada a 1891, amma bai zauna a gonar kansa ba sai 1898. Ya yi kimanin shekara biyu yana tara kuɗi, ya koma Nebyliv ya ɗauko matarsa da 'ya'yansa, ya sake komawa Gretna ya yi wasu shekarun yana kiwon dabbobin mutane, sannan ya nufi Chipman. Shekara bakwai ke nan tsakanin mutum da gonar da aka ce kyauta ce. Dokar filaye ta 1872 ta ce a biya dala goma kuɗin rajista, a zauna a filin aƙalla wata shida a kowace shekara har shekara uku, a gina gida, a nome wani yanki, sannan a karɓi takardar mallaka, kuma ba a ba baƙo wannan takarda sai ya yi mubaya'a ya zama talakan Birtaniya. Dala goma kuɗin takarda ce kawai. Shanun huɗa, garma, iri, amalanke, saniyar tatsa, da abincin da za a ci kafin girbin farko, duk a kan mutum suke, kuma sun ninka dala goman nan sau da yawa. Wannan ne ya sa Joseph Oleskiw, wani masanin aikin gona daga birnin Lviv da ya zagaya Kanada a 1895, ya dage a cikin ƙasidun da ya rubuta wa manoma cewa kada kowa ya taso hannu rabbana. Ya kuma ja kunnensu game da Burazil, inda dillalan jiragen ruwa suka kwashi dubban mutane zuwa dazuzzukan Parana, cututtuka suka yi musu ɓarna. An ji gargaɗinsa a kan Burazil fiye da yadda aka ji na kuɗi, domin da yawa sun sayar da ɗan tsirin gonarsu, kuɗin ya ƙare a tikitin jirgi da hannun 'yan damfara a tashoshin Jamus, suka sauka Winnipeg aljihu wayam.

Ita ma Kanada ba don tausayi ta buɗe ƙofa ba. An kammala layin dogon da ya ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma a 1885, kuma jirgi ba ya cin riba sai da alkamar da zai ɗauka. Akwai kuma fargabar cewa idan yamma ta zauna ba mutane, Amurka za ta iya sa mata ido. Clifford Sifton, ministan cikin gida daga 1896 zuwa 1905, ya ga cewa Turawan Ingila da ake so ba sa zuwa da yawa, waɗanda suka zo kuma ba sa jure wa daji, sai ya juya ga talakawan gabashin Turai, yana ganin manomi mai rigar fatar tunkiya, wanda ya gaji noma kaka da kakanni, mai ƙaƙƙarfar mata da tarin 'ya'ya, shi ne irin mutumin da ƙasar ke buƙata. Wannan yabo ne irin na mai sayen takarkari, kuma ko shi ɗin ba kowa ya yarda da shi ba. Jaridu da dama sun riƙa kiran baƙin da ƙazamai marasa wayewa, kuma Frank Oliver, wanda ya gaji Sifton a kujerar, yana cikin manyan masu sukar shigo da su. Duk da haka, daga 1891 zuwa 1914 kimanin mutum 170,000 daga Galishiya da maƙwabciyarta Bukobina suka shigo.

Yanzu ga wani abu da ya ɗaure wa jami'an filaye kai. A kudu akwai fili shimfiɗaɗɗe, ba itace ba dutse, wanda mutum zai sa garma yau ya shuka gobe. Mutanen Galishiya suka ƙi shi. Suka nufi arewa, yankin da daji da ciyawa suka cakuɗe, suka jeru tun daga Stuartburn da Dauphin a Manitoba, ta wajen Yorkton a Saskatchewan, har zuwa Edna-Star da ke arewa maso gabashin Edmonton. Wasu an kai su fili mai kyau suka sa ƙafa suka bar shi. Ga jami'i wannan taurin kai ne. Ga wanda ya san abin da ya faru bayan 1848 kuwa, lissafi ne mai ma'ana: mutumin da ya ga mahaifinsa yana roƙon izinin yin itace ba zai iya ɗaukar ƙasar da ba bishiya a matsayin arziki ba. Sannan marar jari ya fi samun mafita a daji, domin a can zai sami katakon gini, da makamashi, da ciyawar jinka, da naman dawa, da kifi, da naman kazan da ke tsirowa a ƙasa, ba tare da ya fitar da ko sisi ba. Fili shimfiɗaɗɗe na mai shanu da injin ne.

Wannan zaɓi ya cece su a shekarun farko, amma ya ɗaure wasu na tsawon zamani. Waɗanda suka fara zuwa Edna-Star da kewaye, har da Chipman inda Eleniak ya zauna, sun dace da baƙar ƙasa mai albarka a ƙarƙashin dajin, kuma da aka gama sassabe suka zama manyan manoman alkama. Waɗanda suka zo daga baya sun fi son su zauna kusa da dangi da 'yan ƙauyensu ko da filin da ya rage ba shi da kyau, sai suka faɗa ƙasa mai tsakuwa da fadama, musamman tsakanin manyan tafkunan Manitoba, inda iyalai suka shekara talatin suna tsintar duwatsu daga gonar da ba ta taɓa biyan wahalarsu ba. Saboda haka idan aka ga zuriya biyu daga ƙauye ɗaya, wata ta yi arziki wata ta watse cikin birni tana leburanci, sau da yawa bambancin ba na ƙwazo ba ne, na shekarar isowa ne da irin ƙasar da ke ƙarƙashin bishiyoyin.

Matsugunin farko na yawancinsu rami ne da ake haƙawa a rufe da sanduna da ciyawa da ƙasa, suna kiransa burdei, kuma a cikinsa iyali ke fuskantar sanyin da kan kai digiri 40 ƙasa da sifiri. Daga baya ake gina ɗaki na gumagumai, a yaɓe da laka, a shafe da farar ƙasa, a yi jinka, a gina babbar tanda ta yumɓu wadda ake gasa burodi a cikinta, yara kuma su kwana a kanta don ɗumi. Irin wannan gini da gayya ake yinsa, abin da su ke kira toloka. Amma gayya ba ta kawo kuɗi, don haka da bazara ta shigo sai maza su tafi aikin shimfiɗa layin dogo, ko ma'adinai, ko girbi a gonakin wasu, wani lokaci su yi tafiyar kwanaki a ƙasa. Wa ke nan ya rage a gonar? Mace ce da 'ya'yanta. Ita ke saran daji, ita ke tumɓuke kututture, ita ke shuka dankali da kabeji, ita ke haƙar wata saiwar magani da 'yan kasuwa ke saye don ta sami kuɗin gishiri da kananzir, ita ke goyon buhun gari daga kanti mai nisan mil da yawa, kuma ita ke haihuwa ba ungozoma ba likita. Sharaɗin doka na zama a fili da nome wani yanki, a gidaje da dama mata ne suka cika shi, amma takardar mallaka da sunan miji take fitowa, domin mace ba ta da damar neman fili sai in ita kaɗai ke riƙe da gida, kamar wadda miji ya mutu ya bar ta da yara. Tsofaffin maƙabartun waɗannan ƙauyuka cike suke da ƙananan kaburbura na yaran da ƙyanda da maƙarau da sauran cututtuka suka ɗauke a shekarun farko. A ganina, duk zuriyar da ke kiran sunan kakanta namiji a matsayin wanda ya kafa gida, tana bin kakarta mace bashin ambato.

Akwai kuma waɗanda ba sa fitowa a labarin ko kaɗan. Filin da Eleniak ya samu yana cikin yankin da yarjejeniya ta shida ta 1876 ta shafa, wadda gwamnati ta ƙulla da al'ummar Kiri da wasu 'yan asalin ƙasar a daidai lokacin da garken ɓaunar da suke rayuwa a kai ke ƙarewa, yunwa kuma ta matsa musu. Aka killace su a keɓaɓɓun wurare, dokar da ta shafe su ta hana su neman eka 160 ɗin da ake ba baƙon da ya sauka jiya, bayan tawayen da aka yi wa gwamnati a yammacin Kanada a 1885 kuma aka riƙa hana su fita sai da takardar izinin jami'i. Daga 1889, na wasu shekaru, har aka tilasta wa manomansu su tsaya ga 'yar ƙaramar gona da kayan aikin hannu, aka hana su injinan noma. Ba Eleniak ya tsara wannan ba, kuma akwai labaran iyalai da dama da ke tuna yadda 'yan asalin ƙasar suka nuna musu hanya da magunguna. Sai dai gaskiya ɗaya ce: mutanen da aka ƙwace wa daji a Galishiya sun sami daji a Alberta ne saboda an ƙwace shi daga wasu.

Wani abin mamaki shi ne yawancin waɗannan baƙi ba su sauka da sunan 'yan Yukren ba. Suna kiran kansu Rusin, jami'an shige da fice kuma suna rubuta su a matsayin 'yan Galishiya, ko 'yan Bukobina, ko 'yan Ostiriya. A Kanada ne, ta hanyar jaridu da ɗakunan karatu da malaman makaranta da gardamar coci, sunan Yukren ya zauna musu. Gardamar cocin ba ƙarama ba ce: mutanen Galishiya Katolika ne masu bin tsarin ibadar gabas, limamansu na aure, Fadar Fafaroma kuma ta hana limamai masu aure aiki a Arewacin Amurka, sai jama'a suka zauna shekaru ba mai yi musu baftisma da jana'iza yadda suka saba. Rikicin mallakar cocin Star kaɗai sai da ya kai kotun ƙarshe a Landan a 1907, kuma a 1918 wasu suka ɓalle suka kafa cocin Otodoks nasu.

Rubutun nan na "ɗan Ostiriya" shi ya zame musu masifa a 1914. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke, Birtaniya da Kanada suna yaƙar Ostiriya, mutanen da suka gudu daga mulkin Ostiriya suka wayi gari an kira su baƙi abokan gaba. Kimanin mutum 80,000 aka tilasta wa yin rajista da kai kansu wurin 'yan sanda a kai a kai, aka kuma tsare mutum 8,579 a sansanoni 24 tsakanin 1914 da 1920, kimanin 5,000 daga ciki 'yan Yukren. An sa su saran daji da fasa hanya a wurare irin su Kapuskasing da gandun shaƙatawa na Banff, a Spirit Lake kuwa har da mata da yara aka tsare. A nan ma gona ce ta raba makoma: waɗanda suka riga suka karɓi takardar mallaka sun zama talakawan Birtaniya, galibi aka ƙyale su suna noma alkamar da yaƙi ke buƙata, waɗanda aka kwasa kuwa yawanci leburori ne marasa aiki da birane ke son rabuwa da su. Amma ko manoman ba su tsira gaba ɗaya ba, domin dokar zaɓe ta 1917 ta ƙwace ƙuri'ar duk wanda ya fito daga ƙasar abokan gaba kuma ya yi mubaya'a bayan Maris na 1902. A wannan shekarar dai wani ɗan Yukren da ya fito daga ɓangaren Rasha, Filip Konowal, ya karɓi lambar yabo mafi girma ta sojan Birtaniya yana yi wa Kanada yaƙi a Faransa. Waɗanda aka tsare da yawa sun binne maganar, ba su gaya wa ko 'ya'yansu ba, kuma sai a 2005 majalisa ta yi dokar amincewa da abin da ya faru, a 2008 aka ware dala miliyan goma don adana tarihinsa.

Kuɗi na ƙarshe da aka biya shi ne harshe. Manitoba ta soke makarantun da ke koyarwa da harshe biyu a 1916, yara suka taso suna jin kunyar lafazin iyayensu, samari suka riƙa gajarta sunayensu ko su sauya su gaba ɗaya don su sami aiki a birni. 'Yan asalin Yukren sun yi nisa ƙwarai: Michael Luchkovich ya shiga majalisar tarayya a 1926, Sanata Paul Yuzyk ya tsaya a 1964 ya ce Kanada ba ta Turawan Ingila da Faransa kaɗai ba ce, matsin lambar 'yan Yukren yana cikin abin da ya haifar da manufar mutunta al'adu daban-daban ta 1971, Ray Hnatyshyn ya zama Gwamna Janar, wato wakilin Sarauniya a Kanada, a 1990, Ed Stelmach kuma, jikan manoman wannan yanki na su Eleniak, ya shugabanci Alberta daga 2006 zuwa 2011. Kanada ce ƙasar yamma ta farko da ta amince da 'yancin Yukren a ranar 2 ga Disamban 1991. Amma cikin fiye da miliyan ɗin nan da ke alfahari da asalin, ko kashi ɗaya cikin goma ba su tashi da harshen a bakinsu ba. Abin da ya rage wa mafi yawa shi ne abinci, da rawa, da ƙwan da ake zanawa lokacin Ista, da coci mai ƙubba a tsakiyar gonakin alkama wanda ake buɗewa sau ɗaya ko biyu a shekara.

Bayan duk wannan lissafi, ba zan ce Eleniak ya yi kuskure ba, domin dole a duba abin da ya sami ƙauyen da ya bari. A tsawon shekarun da ya yi a gona ɗaya a Chipman, Nebyliv ta fita daga hannun Ostiriya, ta koma Folan, Tarayyar Sobiyet ta karɓe ta a 1939, Jamus ta mamaye ta a 1941, Sobiyet ta dawo a 1944, kowane sauyi da nasa gawarwakin da nasa korarrun. Pylypiw ya rasu a 1936, kuma gidan da ya gina yana nan an ɗauke shi zuwa ƙauyen tarihi na 'yan Yukren da ke gabas da Edmonton. Eleniak ya rayu har Janairun 1956, yana da shekara 96. A lokacin da yake miƙa hannu yana karɓar takardarsa a Ottawa, hukumomin Sobiyet suna shirin haɗe gonakin yammacin Yukren cikin gandun gwamnati, kuma kafin ya rasu, 'yan tsirin gonakin da maƙwabtansa suka ƙi sayarwa a 1891 sun riga sun fita daga hannun 'ya'yansu.